Daga fim zuwa dijital: me ya canza a hannunku?

Tsohon_Hannu:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sha'awar hoto. Ina so in ji daga waɗanda suka riƙe kamarar fim kafin su koma dijital, da kuma yaranmu da suka buɗe ido suka tarar da dijital: me wannan sauyi ya canza a yadda kuke ɗaukar hoto? Irinmu nake nufi, masu yi don sha'awa, ban da 'yan sana'a.

Ni da Pentax K1000 na koya. Taimakon da take yi wa mutum bai wuce wata 'yar allura da ke cikin kafar leƙe ba, tana hawa tana sauka, tana nuna ko haske ya isa. Sauran duk aikin hannunka ne. Ka murɗa gilashi har abin da kake so ya fito tangaran, ka zaɓi faɗin ƙofar haske, ka zaɓi saurin buɗewa, ka danna, sannan ka tura hannun naɗi da babban yatsa. Fim guda hoto 24 ko 36 yake ɗauka. In ka saka mai lamba 100 (lambar ISO, wato ƙarfin fim wajen karɓar haske) da safe da shi za ka wuni, ko da rana ta faɗi, domin ba a canza ƙarfin fim a tsakiyar naɗi. Kuma ba ka sanin abin da ka samu sai an wanke.

Don haka kusan duk tunanin da mutum zai yi, kafin dannawa yake yinsa. Nakan zagaya abu, in duba inda inuwa ta faɗa, in jira wanda ke baya ya wuce. Yanzu da dijital ke hannuna na lura tunanin ya koma bayan dannawa. A waje ɗauka kawai nake yi, sai na dawo na zauna gaban kwamfuta sannan zaɓe da gyara suke farawa. Yawan aikin yana nan, wurinsa ne ya canza. Ni dai haka na gani. Ku fa?

Uwar_Biyu:

Wa alaikumus salam, Baba. Na ji bayaninka, amma ni kam wannan sauyi alheri ya zame mini. Na ɗan taɓa fim ina budurwa, da wata ƙaramar kamara ta gidanmu wadda ba ta da saiti ko ɗaya. Kowace dannawa kuɗi ce, ga kuɗin fim, ga na wanki, ga na bugawa. Shi ya sa kamarar ba ta fitowa daga akwati sai dangi sun taru, a jera kowa, a ce kada wanda ya motsa. Hotunan yarintarmu duk haka suke, mutane a tsaye ƙiƙam suna kallon kamara. Ba ni da hoton mahaifiyata tana dariya, ba ni da hotonta tana aiki, alhali a haka na fi saninta. Wannan abu yana damuna har gobe.

'Ya'yana kuwa ina da hotonsu suna gudu, suna kuka, suna barci baki buɗe. Yaro ɗan shekara biyu ba zai tsaya ka gama lissafin haske ba. Dole ka ɗauka da yawa kafin ka samu guda ɗaya da idonsa ya fito daidai, kuma da fim ne da ban iya wannan ba.

Sai kuma batun koyo. A zamanin fim, kafin a wanko hoto ka riga ka manta yadda ka saita kamarar, sai dai in kana rubutawa a ɗan littafi. A dijital kowane hoto yana ɗauke da bayanansa, abin da ake kira EXIF: saurin buɗewa, faɗin ƙofa, lambar ISO, har da lokacin da aka ɗauka. Da shi na gane cewa saurin buɗewa na 1/60 na daƙiƙa ba ya tsayar da yaro mai gudu, sai 1/500 ko sama da haka. In gwada, in duba allo, in canza, in sake gwadawa, duk a zama ɗaya. Gani ya kori ji.

Mai_Ɗakin_Duhu:

Hajiya ta yi gaskiya a kan koyo. Amma Yaya Tsohon_Hannu, akwai inda zan ɗan saɓa maka. Aikin bayan dannawa ya daɗe da mu tun kafin dijital. Yawancin mutane ne ba su gan shi ba, saboda miƙa fim suke yi ga masu wanki su dawo su karɓi ambulan.

Ni na yi shekaru ina wanke baƙi da fari da kaina. Fim sai a duhu ƙirin ake zare shi daga gwangwaninsa, ko ɗigon haske babu, da laluben yatsu kake naɗa shi a kan abin naɗinsa har ka rufe tanki. Ruwan magani a kan digiri 20 ake riƙe shi, kana kallon agogo, kana juya tankin duk bayan minti ɗaya. Daga nan ruwan tsayarwa, sai na tabbatarwa, sai ɗauraya, ka rataye shi ya bushe inda ƙura ba za ta same shi ba. Duk wannan share fage ne. Ainihin aikin yana wajen bugawa, ƙarƙashin jan fitila. Ka saka nagetif a na'urar faɗaɗawa, ka yanki 'yar takarda ka gwada daƙiƙa biyar, goma, sha biyar, ka ga wanne ya dace. In fuska ta yi duhu, akwai wani ɗan kwali da muke liƙawa a bakin siririyar waya, kana kaɗa shi a saman wurin don haske ya rage sauka a kansa. In sama ta yi fari fat, sai ka huda kwali ko ka dunƙule hannu ka bar kafa, ka ƙara wa wurin haske shi kaɗai. Hoto guda yakan cinye dare. Wanda ya buɗe Photoshop ya duba alamomin waɗannan kayan aiki biyu zai ga kwali a kan sanda da hannu a dunƙule ne aka zana. Saboda haka idan na ji ana cewa gyaran hoto a kwamfuta ha'inci ne, ba na yarda. Mun yi shi da hannu, kuma manyan masu hoto sun fi mu yi.

Inda dijital ya ba mu abin da ba mu taɓa samu ba shi ne launi. Fim mai launi, tsarin da ake kira C-41, ruwansa kusan digiri 38 yake so, in ya ɗan kauce launi ya karkace. Takardarsa kuma ba ta jure jan fitila. Don haka kaɗan ne daga masu sha'awa suka taɓa buga launi da kansu, inji ne yake yanke musu hukunci. Yau da fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta gyara ba, mutum yana zaune a ɗakinsa yana daidaita launi yadda idonsa ya gani. Warin ruwan tabbatarwa kam ba na kewarsa. Abin da nake kewa shi ne lokacin da hoto ke tasowa a kan farar takarda cikin tire, baƙaƙen wurare su fara bayyana, sauran su biyo baya.

Gilashi_50:

Malam, batun injin nan ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Duk mai duhun fata da ya yi zamanin fim mai launi ya san abin da zan faɗa. A ɗauki mutum sanye da fararen kaya cikin rana, a wanko, kayan sun fito tas, fuska kuwa sai ido da haƙori. Dalili biyu ne. Na farko, ma'aunin haske na kamara yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa in an haɗa matsakaicin toka-toka ne, to in fari ya cika wurin sai ya rage haske, fuska ta nutse. Na biyu, an yi shekaru da yawa katin gwajin da ake saita injinan bugawa da shi hoton mace farar fata ne, da fatarta ake auna ko launi ya yi daidai.

Mu da muka gane, dabaru muka koma yi. Mu matsa kusa mu auna haske a kan fuska kafin mu ja baya, ko mu ƙara buɗe ƙofa da mataki ɗaya, ko mu janye mutum daga rana mu tsayar da shi a bakin inuwa. Duk da haka wani lokaci mai bugawa ya bar inji a kan saitinsa ya mayar da kai inda ka fito.

Ranar da na fara jan inuwa sama a fayil ɗin RAW, na ga fuskar ƙanina ta fito da ainihin launinta, da ja-ja ɗin da ke cikin fatarsa, kuma farar rigarsa ba ta ƙone ba, ranar na yarda da dijital. Matsalar dai ba ta ƙare ba. Wasu wayoyi har yanzu sukan haskaka fuska fiye da kima ta koma kamar an shafa toka. Amma aƙalla yanzu ana maganarta a fili: a 2021 Google ya fito da wani tsari a wayar Pixel 6 mai suna Real Tone musamman don wannan.

Mai_Tara_Kamara:

Yara su sani cewa ba dare ɗaya aka kwana aka tashi da dijital mai kyau ba. Tun 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kamarar dijital ta farko. Hotonta ɗigo 100 ne a tsaye 100 a kwance, baƙi da fari, kuma daƙiƙa 23 take ɗauka kafin ta rubuta shi a kan kaset. Sai bayan shekara ashirin, a 1995, Casio QV-10 ta kawo wa jama'a allon da ake ganin hoto a jikin kamara.

Ni a farkon shekarun 2000 na sayi wata ƙarama mai megafiksel 2, wato ɗigo miliyan biyu a hoto. In ka danna sai ta yi jinkiri kafin ta ɗauka, wanda kake so ya riga ya juya kai. Batir kuwa ba ya jimawa, katin ajiya ya cika nan da nan, hoton kuma in ka faɗaɗa shi sai ya farfashe. Ajiye ta na yi na koma fim. Abin da ya juya ni, kuma ya juya yawancin abokan da muke fita ɗauka tare, shi ne fitowar Canon EOS 300D a 2003 da Nikon D70 a 2004. Megafiksel 6 ne, suna ɗauka nan take, kuma suna karɓar gilasan da mutum ya riga ya mallaka na kamfanin. Sai dai sensarsu, wato abin da ke karɓar haske a madadin fim, ta fi firam ɗin fim ƙanƙanta, gilashin milimita 50 ya koma yana gani kamar na 75 ko 80, dole muka sake koyon tazara.

Daga nan abubuwa suka yi ta rushewa a kan idonmu. AgfaPhoto ya durƙushe a 2005, Konica Minolta ya bar harkar kamara a 2006, Polaroid ya daina yin fim ɗinsa a 2008, fim ɗin Kodachrome da aka fara tun 1935 aka dakatar da shi a 2009, Kodak kansa ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Janairun 2012.

Abin da ya fi canzawa a wurina shi ne dangantakar mutum da kamararsa. Kamarar fim akwati ce kawai mai riƙe gilashi. In an fito da sabon fim mai kyau, tsohuwar kamararka ta samu ci gaba ba tare da ka taɓa ta ba, shi ya sa uba kan bar wa ɗansa. Ta dijital kuwa sensarta a manne take, in ta tsufa duk jikin ya tsufa. Hirar masu sha'awa ta koma wace ce ta fito, megafiksel nawa. Na sha zama a taron da aka kwashe awa biyu ba wanda ya nuna hoto ko ɗaya.

Tsohon_Hannu:

Malam Mai_Ɗakin_Duhu, na karɓi gyara. Ina cikin masu karɓar ambulan, shi ya sa. Amma ka lura, a da mai sha'awa yana da zaɓi ya bar wa wani wannan aiki. Yanzu kowa ya zama mai wankin kansa, ko yana so ko ba ya so.

Anti_Albam:

Baba, wannan kalma taka ta ƙarshe ita ce damuwata, sai dai ni ta wajen ajiya. Na tara hotunan shekaru a wani faifan ajiya na waje da ake jona wa kwamfuta. Wata rana na jona shi sai ƙara kawai yake yi, ƙas, ƙas, ƙas. Mai gyara ya ce allurar ciki ta taɓa faifan. Wasu hotunan an ceto, da yawa sun tafi, ciki har da na shekarar farko ta ɗiyata. Faya-fayan CD da na ƙona tun da can ma na tarar wasu sun daina buɗewa.

A gefe guda, nagetif ɗin da mahaifina ya ɗauka tun kafin a haife ni suna nan a cikin ambulan. Ka ɗaga su sama ka ga mutane, ba ka buƙatar wuta ko manhaja. Fim yana ajiye kansa in ka bar shi a busasshen wuri. Dijital sai ka ci gaba da kula da shi, ka kwashe daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa tun kafin ta mutu.

Yanzu kwafi uku nake yi: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Kuma ƙarshen kowace shekara nakan zaɓi kaɗan in buga a takarda in saka a albam. Abin da na lura, yara ba sa taɓa cewa in buɗe musu kwamfuta su ga hotuna, amma albam da kansu suke jawo shi su zauna a kai. Don Allah duk wanda hotunansa suke a waya ɗaya tak, ya kwafe su yau.

Mai_Bin_Tsuntsu:

Ni sha'awata tsuntsaye ce, kuma a wannan fanni ba a ma haɗa su. Tsuntsu da asuba da yamma yake fitowa, lokacin da haske ba shi da ƙarfi, ga shi sai da sauri kamar 1/2000 fikafikansa suke tsayawa. Da fim mai lamba 400 sai dai ka ɗauke shi a zaune kan reshe, in ka tilasta wa fim ɗin ya wuce lambarsa hoton ya cika da tsaba. Yanzu ISO 3200 ko 6400 abin yau da kullum ne, kamara tana ɗaukar hoto goma ko ashirin a daƙiƙa, sababbin ma suna gane idon tsuntsu su bi shi da kansu. Hoton da a da sai ma'aikatan mujallu masu fim kwali-kwali suke samu, yau mai sha'awa yana samunsa.

Kuɗin da ake biya shi ne zaman zaɓe. Fita ɗaya ka dawo da hotuna fiye da dubu, yawancinsu kusan iri ɗaya. Na koya wa kaina gogewa ba tausayi: wanda ido bai fito ba ya tafi, wanda reshe ya tare baki ya tafi. Wanda bai iya gogewa ba, kyawawan hotunansa a cikin tarkace suke ɓacewa.

Ɗan_Auta:

Iyayena da yayyena, ni ɗan zamanin waya ne, ban san lokacin da kuke magana a kai ba. A ganina sauyin ma biyu ne, domin waya ta yi wa ƙaramar kamarar dijital abin da dijital ya yi wa fim. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kamara ta Japan, CIPA, sun nuna an fitar da kamarar dijital kusan miliyan 121 a 2010, zuwa 2020 kuwa ba ta kai miliyan 10 ba.

Abin da ya fara damuna da waya shi ne ban san nawa ne aikina a cikin hoton ba. In na danna da dare, hotuna da yawa take ɗauka a jere ta haɗa su, ta haskaka inuwa, ta gyara sama, ta sulɓe fata, kafin ma in gani. Hoton ya yi kyau, amma in aka tambaye ni yadda aka yi ba ni da amsa. Shi ya sa na nemi tsohuwar kamarar fim wadda ma'aunin haskenta ya mutu. Dole na koyi ƙa'idar nan ta rana tsaka: ƙofa a kan f/16, sauri daidai da lambar fim (mai lamba 100 sai kusan 1/100), in gajimare ya rufe ka buɗe mataki ɗaya ko biyu. Tun daga nan ko da waya nake ɗauka sai na fara duba daga ina haske yake zuwa.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Kodak ya dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018, a 2024 kuma aka fito da sabuwar kamarar fim, Pentax 17, mai raba firam biyu, naɗin 36 ya ba ka hoto 72. Sai dai fim ɗinmu ba irin naku ba ne, Baba. In an wanke, sikanin ake yi a turo mana a waya, yawancin abokaina ko nagetif ɗin ba sa komawa karɓa. Ni ina karɓar nawa. Mai tafiya da fim kuma ya kiyayi sababbin injinan binciken kaya na CT a filin jirgi, suna lalata wanda ba a wanke ba, gara ya roƙi a duba shi da hannu.

Uwar_Biyu:

Anti, maganarki ta sa na je na binciko ambulan ɗin gidanmu, kuma na samu nagetif da dama, wasu ma ban taɓa ganin an buga su ba. Malam Mai_Ɗakin_Duhu, yaya zan yi da su? Wasu sun ɗan lanƙwashe.

Mai_Ɗakin_Duhu:

Madalla, Hajiya. Ki riƙa kama su ta gefe, kada yatsa ya taɓa tsakiya, musamman ɓangaren da ba ya ƙyalli, domin nan hoton yake. Kada ki goge da tsumma, ki hure ƙura da 'yar robar hura iska. Ki cire su daga tsohon ambulan ki saka a rigunan nagetif da ake yi don ajiya, a wuri mai sanyi marar laima. Lanƙwasar za ta ragu in suka kwana biyu a rigar ƙarƙashin littafi mai nauyi. Wanda kika ji yana warin tsami kamar binega ya fara lalacewa, ki ware shi daga sauran, kuma da shi za ki fara kwafa.

Wajen kwafa, in za a yi miki da sikana ki ce a yi a kan dpi (ɗigo a kowane inci) 2400 zuwa 3200, ya isa fim na milimita 35. In kuma da kamararki za ki yi, ki ɗora nagetif a kan allon haske, ki kafa kamarar a sama da gilashin ɗaukar abu na kusa, ki ɗauka a RAW. Baƙi da fari juya shi kawai za ki yi. Mai launi yana da wani ruwan lemo a jikinsa wanda in kin juya zai koma shuɗi, don haka ki haɗa da ɗan gefen fim ɗin da babu hoto a kai, da shi za ki saita fari kafin ki juya.